Burduddugi a Ƙasar Yaɓen Inna

Kaka Dije, wadda ta haihi Innata, ba ta fara tatsuniya sai wuta ta lafa. A gidanmu na Koona, lokacin ɗari, in an gama tuwo bayan magariba sai ta jawo garwashi daga murhu, ta ƙara karan gero, ta miƙe ƙafahu kamar za ta gasa su. Mu jikoki mu kewaye ta. Ni take ce ma angonta, kuma kullum cikin ƙorahi take, wai ta auri mijin da ko goro bai taɓa sawo mata ba.

Wani yammaci kwaɗo ya hito daga gindin randa, na ɗauko takalmi. Ta riƙe mani hannu ta ce in duba bayanshi. Mai ƙuraje ne, ɗan gida, ƙwari yake rage mamu. Daban yake da ƙaramin nan mai santsi da ke manne ma bango. Daban kuma da burduddugi na tabki, ƙato, kore, mai rawayan maƙogwaro, wanda in ka kai mashi yatsa sai ka yi ihu. Na tambaye ta to ina burduddugi yake zuwa in tabki ya ƙahe, tunda ba mu taɓa ganin gawarshi ba.

"Ga ta nan, ta biyo hayaƙi ta sauko," in ji ta.

Munka ce ta zauna mu ji ta.

Wai Tabki mace ce mai ɗiya da yawa. Duk shekara in kaka ta wuce sai ta tahi biɗar ruwa, ba ta iya ɗaukar ɗiyan, sai ta ba Ƙasa ajiya. Kowane burduddugi ya nutsa cikin laka a tsakiyar tabki, wurin da Kaka ke ce ma cibiya, ya ɗinka riga da fatar jikinshi, ya ruhe baki ya yi barci. Mutanen gari sun sani, don haka in suna son ƙasar gini sai su ɗiba a gehe. Sai wani magini ya lura ƙasar cibiya ta hi laushi, kamar man shanu. Ya haƙa, ya gina rumbun da babu irinshi a gari. Ran da ruwan farko ya sauka, sai bangon rumbu ya fara kuka. Tabki ta dawo ba ta tarar da ɗiyanta ba, ta ji muryarsu can cikin gari. Ta bi muryar, ta shiga gidan magini, ta zauna gindin rumbu har ya narke, gero ya bi ruwa.

"Ba mugunta ta kai ta ba, angona. Ɗiyanta ta zo ɗauka. Ƙurunƙus, wuta ta mutu, kowa ya nemi tabarmarshi."

Na daɗe ina kara kunne a bangon ɗakinmu. Daga baya na shiga lekol, makarantar boko, na komo Maraɗi, Kaka ta rasu, labarin ya bi sauran tatsuniyoyi.

Bazarar da ta wuce ina kan kabu-kabu za ni buro wurin aiki, da sahe, sai vokal, saƙon murya, ya shigo wayata daga Inna. Ban taɓa jin muryarta haka ba. Wai an yi mata sammu, kuma ɗan'uwanta ne, Kawu Ilu, ƙaninta uwa ɗaya uba ɗaya.

Na ce ma mai babur ya tsaya, na kira ta da bidiyo. Abin da ya faru shi ne, ta so a yaɓe ɗakinta kahin damina, ta roƙi Kawu ya kawo mata ƙasa da amalankenshi. Ya kawo, anka zuba ruwa don ta jiƙa kahin a kwaɓa. Gari na wayewa ta ga tarin ƙasa yana motsi. Kwaɗi manya suna hitowa, a tsakiyar bazara, ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba. Abin da ya hi tayar mata da hankali, wasu a naɗe suke cikin wata fata sirara, kamar an ɗinke laya. Ta ce wannan aikin hannun mutum ne. Dama tun rabon gonar Kaka gaisuwarsu da Kawu ta yi sanyi. Ta riga ta aika gidan mai gari, tana son a sa Kawu ya dafa Alƙur'ani a gaban jama'a. In an yi haka, na san su biyun, ba za su ƙara cin abinci kwano ɗaya ba har kabari.

Ta juya wayar. Tsakar gida cike da maƙwabta. Wani ya taho da kwalbar isansi, man fetur, da ashana. Kwaɗi biyu an riga an hwashe su da taɓarya. Kawu na tsaye bakin zaure da bulalar shanu a hannu, yana cewa shi ƙasa anka ce ya kawo, ƙasa ya kawo.

Na ce ta matso da wayar kusa. Wani ƙaton kwaɗo yana tsaka da yaye fatar da ƙafahunshi na gaba, yana cusa ta a baki. Kore. Maƙogwaro rawaya.

Wallahi sai da na zauna a bakin titi. Mai babur yana ta danna oda, ban ji shi ba. Duk rayuwata na ɗauka rigar nan ƙarin gishirin Kaka ce, irin na kura mai zuwa kasuwa. Ga ta a gabana, cikin waya.

Na ce a miƙa ma Kawu wayar. Na tambaye shi daga ina ya ɗebo. Ya ce daga tsakiyar tabki. Gehen tabki duk masu bulo sun cinye shi da kamiyo, motocin ɗibar ƙasa, sai rairayi da leda. Ya so ya kawo ma yayarshi ƙasa mai kyau, tunda ta daɗe ba ta roƙe shi komi ba.

"Inna, cibiya ya haƙa," na ce. "Ke ba ki tuna rumbun magini?"

Ta ce in daina mata wasan yara, ana maganar rai ina maganar tatsuniya. Na ce to ta duba, wane boka ne zai ɗinke kwaɗo, kwaɗon ya tuɓe ɗinkin ya cinye? Ta duƙa. Ta daɗe a duƙe, ina kallon sama da ganyen bedi kawai, don ta manta da wayar a hannunta. Can na ji ta, a hankali, kamar ba da ni take ba:

"Ya ɗinka riga da fatar jikinshi."

Ta ce ma mai isansi ya ɓace mata da gani. Ta aika a ce ma mai gari ya yi haƙuri, an gano mai sammun, kuma uwarsu ce ta san shi. Ba ta ba Kawu haƙuri ba, Inna ba ta iya wannan. Ta dai ce mashi wawa, tsoho da gemu bai san inda ake ɗibar ƙasa ba. Shi kuma ya ce ai ita ce babba, mi ya hana ta faɗa mashi. Sunka kwashe na rayen da jiƙaƙƙiyar laka cikin bokiti, ya mayar da su ramin da ya haƙa, ya ƙara ruwa daga bido, jarkar roba, ya ruhe da ƙaya saboda shaho da yara. Ya je ya roƙi mai gari a hana kamiyo taɓa tsakiyar. Ko za a ji, Allah masani.

Abin da ke damuna har yanzu, mu duka mun ji labarin nan, ita da Kawu tun kahin a haihe ni. Mun riƙe rumbu mai kuka, mun bar abin da Kaka ke nuhi: akwai masu rai ƙarƙashin wurin da muke gani busasshe, kuma ga kamanninsu, kada ka gan su ka hirgita. Da ashanar nan ta kama, da ba kwaɗi kaɗai za ta ƙone ba.

Ban san ko waɗanda anka tada daga barci sun kai damina ba. Amma da ruwan farko ya sauka a Koona, Inna ta aiko mani vokal, babu gaisuwa babu komi, sai kukan tabki, mai kauri da mai siriri duk a haɗe. Can ƙarshe sai muryar Kawu kusa da ita, yana tambaya ko ta danna wurin da ya kamata.