Aron Da Na Mayar Saye

Ni ban taɓa tsallake katangar kowa ba, da alƙalami na yi tawa satar. Na yi lakkwal, wato boko, har kwaleji, jarrabawa ta kayar da ni, sai na kafa tebur ƙarƙashin wata bishiya kusa da kotun Dogon Dutsi. Manoma su faɗa mini kukansu da Hausa, ni in juya shi Faransanci. Sana'a ce ta halal, ita ta yi mini aure.

Ɓarnar ta fara da ƙaramar ƙarya. Duk wanda shari'a ta kawo gari, zargi ke cinsa: yana zargin maƙwabci, yana zargin mai gari, har zuzu mai yanke hukuncin bai tsira ba. Ni kuwa sai in ƙara gishiri. In rage murya in ce, "Abokin shari'arka na gan shi jiya yana fitowa ta ƙofar bayan gidan zuzu." Idan ido ya raina fata, sai in ce na san wani aboka a Yamai, lauya mai zafi, a kawo kuɗinsa in aika masa. Wallahi ko aboka ɗaya ban sani ba.

Ana haka wani ɗan kasuwa, Ila, ya same ni. Mahaifinsa ya ari gona a Dumega wurin wani dattijo, Baba Arzika, kowace kaka suna kai masa dami ɗaya na hatsi, alamar gonar ba tasu ba ce. Uban ya rasu, Ila ya samu mai saye.

"Yi min takarda ta zamanin tsohona," in ji shi, "aro ya koma saye."

Na ce, "Mai gonar fa?"

"Ko alif bai sani ba. Kai dai faɗi kuɗinka."

Na rubuta, na jiƙa ta da ruwan shayi, na rataye ta a hayaƙin murhu har ta yi kamar ta girme ni.

Kwana goma ba su cika ba, sai ga Baba Arzika da kansa a gaban teburina, ya ji Ila na shirin sayar da gonarsa, zai kai shi ƙara. Ya daɗe yana kallona.

"Ɗana, kai dai ba mutumin Ila na ba, ko?"

Na rantse ban san shi ba. Na kuma kawo masa zancen aboka. Tsohon nan ya je kasuwar Kore Mairuwa ya sayar da san nomansa, ya ƙirga mini kuɗin a hannu. Ya ce, "Ba a ba da ƴar takardar shaida?" Na yi dariya na ce manyan aboka ba su ba da rasi. Duk zuwan da ya yi yana tambaya, sai in ce aboka ya tafi Dosso, ko an ɗage. Kotu kuma ta hana kowa taɓa gonar sai an yanke hukunci. Damina biyu tana kwance, ciyawa na ci, gidan tsohon kuma, ba san noma, suna awon hatsi a kasuwa.

Ranar shari'a zuzu ya juya takardar sayen da Ila ya kawo, ya sake juyawa. Ya tambayi Ila yaushe aka yi cinikin. Ila ya ce yana goye a lokacin. Zuzu ya ɗora yatsa a saman takardar ya ce, "To, a nan an rubuta departeman na Tibiri. Kana goye Tibiri ta zama departeman, gunduma mai zaman kanta? Ai Dumega tana ƙarƙashin Dogon Dutsi sannan." Kaico! Hannuna ne ya rubuta abin da ya saba rubutawa kullum. Ila bai ko yi gardama ba, ya waiwayo ya nuna ni. Jandarma na riƙe da ni, Baba Arzika ya matso yana tambayata, "To, aboka nawa hwa, yaushe za shi zowa?" Tambayar nan ta fi ankwa ciwo.

Shekara uku na yi a kaso, gidan yari. Da na fito na tafi Dumega. Gonar ta dawo hannunsa, amma san noman bai dawo ba, na iske shi duƙe da hauya. Na miƙa masa takardar da na rubuta ta neman gafara, da alkawarin biyan sa. Bai taɓa ta ba.

"Aje ta ƙasa," ya ce.

Ya aika aka kira mushen lakkwal, malamin yara, ya karanta masa. Ya sallame shi, ya sa aka kira wani daban, shi ma ya karanta, ina tsaye cikin rana. Da maganarsu ta zo ɗaya ya ce, "Na yahe maka don Allah. Amma bi ta hanyar mota, kak ka bi ta iyakar gonata."

Samari, ku da Allah ya ba karatu, ku ji tsoron amanar wanda bai iya ba. In kun ari gona ko kun ba da aro, ku je a rubuta a hukumar filaye gaban shaidu. Aboka kuwa ku gan shi da idonku, ku yi tsada da bakinsa, ku karɓi rasi. Kada ku bi sawuna. Ni na tuba, amma yau ko lambar waya na rubuta wa mutum, sai ya kai wani ya duba masa.