Layi Biyu a Tafin Hannun Malama

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 9 ga watan Afrilu, da hantsi, babbar 'yarki ta kira ni ta ce kin cika. Na yi kuka, Malama, amma ki yafe mini, har yau murnar haɗuwarmu ta ƙarshe ta ƙi sakina.

Mu ɗalibanki na sashen Fiziks, Inna Tocila muke kiranki a bayan idonki. Kikan shigo aji da tocila biyu, ki sa a rufe tagogi, ki kaɗe ƙurar alli a iska, ki gitta hasken wannan a kan na waccan. "Kun ga ko gaisawa ba su yi ba? Amma in ƙwayoyin haske suka yi ƙarfi na fitar hankali, gwabzawa suke yi! Kafin ƙiftawar ido su rikiɗe su zama ƙwayoyin abu, su koma haske, kowace ta kama gabanta." Aji ya kwashe da dariya. Ni kuwa maganar ta shige ni, ta kai ni har ɗakin binciken da kika tsaya kai da fata sai da aka ɗauke ni aiki.

Na yi shekaru ina tace bayanan na'urarmu ina neman wannan karo na ƙwayoyin haske, ke kuma ciwon suga yana cin idanunki. Tsorona ɗaya ne kullum: kada in same shi bayan ba kya nan.

Ana saura 'yan kwanaki ki rasu, sai ga shi a allon kwamfuta, tsaf! Wallahi ko jakata ban ɗauka ba na nufi asibitin da aka kwantar da ke. Sai a bakin gadonki na tuna ba za ki iya ganin hoton ba, na dai faɗa miki da baki cewa na same shi. Kika miƙo hannu kika ce, "To zana mini mana, 'yata, me kike jira?" Na ja layi biyu da yatsa a tafinki, suka haɗu, suka watse. Kika buga ihu har ma'aikaciyar jinya ta leƙo tana harararmu. "Sake!" Na sake, na ƙara sakewa, kina ta dariya har barci ya ɗauke ki, hannunki a cikin nawa.

Alhamdu lillahi, na iso a kan lokaci.

Allah ya jiƙanki, ya yafe kurakuranki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Maigidanki da 'ya'yanki da jikokinki, Allah ya ba ku haƙurin wannan babban rashi, mu ma ya ba mu. Amin.