Usta Uthman da Lilon da Ba Ya Ƙara

Kullum bayan sallar asuba Usta Uthman (Usta laƙabin gwanin sana'a ne) yakan fito daga gidansa a Omdurman, ya hau mota ya haye gada zuwa Mantiƙa Sinaiya, unguwar masu sana'a ta Khartum, inda rumfar waldarsa take tsakanin garejin masu gyaran raksha, keken nan mai ƙafa uku, da teburin wata mai shayi. A tsaye yake shan shayinsa, wai wanda ya zauna da safe sai la'asar zai tashi. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana haka, in ka cire lokacin da yaƙi ya rufe rumfar. Maƙwabtansa ƙofofi da tagogi suke ƙerawa, shi kuwa lilo yake yi, da abin zamiya, da sauran kayan wasan da ake kafa wa yara a hosh, wato tsakar gida. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Hasken walda ya ci idonsa, guduma ta ci kunnensa, in za ka gaishe shi sai ka ɗaga murya kamar mai kiran fasinja a tashar Suk al-Shabi.

Masu saye sun san halinsa, wasu har haushinsa suke ji. Ba ya sayar da komai sai ya ga gidan, kuma ba ya zuwa sai bayan azahar, lokacin da ƙarfe ba ya taɓuwa. Zai duba inda inuwa ta faɗa, ya durƙusa ya kalli hosh ɗin daga tsawon yaron. Iyaye da yawa sun zo masa da hoton ƙaton abu a waya, sun koma da lilo ɗaya suna gunaguni. Amma a cikin 'ya'yansu ba wanda rana ta taɓa toye wa cinya.

Zuhura, wata baiwar Allah a unguwar Hajj Yusuf, ita ce ta ga abin da ya sa muke masa wannan jinjina. 'Yarta Hadil tana da shekara uku wani abu ya fashe a bayan layinsu. Tun daga ranar yarinyar ta daina magana. Sun yi gudun hijira sun dawo, ta kai biyar, har yanzu shiru, kuma ko murfin tukunya ne ya faɗi sai ta shige ƙarƙashin angarib, gadon nan na igiya. Ubanta Hazim ya rasa yadda zai yi, sai ya ce zai saya mata kayan wasa mafi girma a kasuwa, mai sarƙoƙi da zamiya biyu. Zuhura ta tsorata ƙwarai. Ta san in abin ya firgita yarinyar a hosh, to ɗaki za ta koma, ba kuma mai sake fito da ita. Da ƙyar ta shawo kansa suka je wajen Usta.

"Ya Usta, babba nake so," in ji Hazim da ƙarfi, yana miƙa wayar. "Don ta ga abin da zai faranta mata rai."

"Kwayyis, ba laifi," in ji Usta. "Gobe bayan zuhur ina gidanku."

Da ya zo, Hazim ya tura ƙofar gidan, ta yi ƙiii. Usta bai ji ƙofar ba. Abin da ya gani shi ne 'yan ƙafafu biyu suna ɓacewa ƙarƙashin gado.

"Me ta ji?"

"Ƙofa ce, ya ammi," wato baffa, in ji Zuhura, tana nuna masa ita.

Ya nemi man girki ya ɗiga wa ƙofar, sannan ya juya ga Hazim. "Ɗana, mai da hotonka aljihu. Sarƙa tana kuka, zamiya tana amo kamar ganga. 'Yarka lilo ɗaya take buƙata, wanda ba ya cewa uffan."

"Lilo ɗaya bas? Shi ke nan?"

"Bas."

Mako ya wuce, Zuhura ta kasa haƙuri. Wata tambaya ta hana ta sakat: mutumin da ba ya jin gaisuwa, yaya zai san lilo ya yi shiru? Ta hau mota ta tafi rumfar. Ta same shi a kan tsani, tsoho mai furfura, ya ɗora buhun yashi a kujerar lilon ya tura, shi kuma ya kafa haƙoransa a sandar ƙarfen da ke sama, idonsa a rufe. Mai shayi ta ce mata kwana huɗu ke nan yana wannan abu, har masu gareji sun gaji da yi masa dariya.

Ya sauko yana goge baki. "Kunne ya tafi, 'yata, amma haƙori yana ji. Akwai sauran ƙara kaɗan a hagu."

 

Igiya ya sa maimakon sarƙa, ya naɗe maratayan da fata, ya yanka taya ya yi kujera. Ranar kafawa bai shigo da guduma gidan ba. Ya jiƙa ƙasa ƙarƙashin bishiyar nim, wato dogon yaro, ya haƙa a hankali, ya naɗe sufanarsa da tsumma kafin ya ɗaure ƙusoshi. Ya sauke kujerar daidai yadda ƙafar yarinyar za ta taɓa ƙasa. Da zai tafi ya ce kada wanda ya kira ta, kada wanda ya zuba mata ido.

Kwana goma sha ɗaya lilon yana rataye ba kowa, Hazim har ya fara cewa an yi aikin banza. Rannan da hantsi Zuhura tana yin kisra, wainar nan ta dawa mai fele-fele, sai ta hango Hadil ta gefen ido. Yarinyar ta tura igiyar da yatsa, ta noƙe kafaɗa tana jiran ƙara. Ƙara ba ta zo ba. Ta sake turawa. Ta hau ta zauna. Can sai wata 'yar murya ta ce, "Umma, tura ni."

Kisrar nan dai ta ƙone ƙurmus, ba wanda ya ci ta.

Usta, kai ne ka ji tsoron da ke zuciyar yarinyar, wanda ba ta faɗa wa kowa ba, alhali masu kunne biyu sun kewaye ta. Kai ne mai sa babba ya durƙusa don ƙarami. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka hutu mai daɗi. Ku kuma iyaye da masu sana'a, in za a zaɓa wa yaro abin wasa, a yi koyi da shi: a je gidan da rana tsaka, a dubi yaron kafin a dubi hoton.

Makon jiya ya koma Hajj Yusuf duba igiyoyin, don kuwa yana bin duk gidan da ya yi wa aiki kafin ya rufe rumfa. Ya tarar da Hadil ta yi sama da lilon, ƙafafunta suna neman ganyen nim. Tana ganinsa ta ƙwala ihu tana dariya, tana kiransa kaka, "Jiddu, dube ni!"

Tsohon ya tsaya cak a bakin ƙofa. Ya juya ga Zuhura, idonsa cike da ƙwalla.

"Wannan kam," ya ce, "na ji."