Sarƙar Gwaggo a Ɗakin Yahudawan Yaman

Ko na tsufa haƙorana sun zube, ba zan manta ranar da Gwaggona ta taya kayan gidan tarihi a Dubai ba.

Sarin abaya muka je. Mun gama da masu kago, masu aiko mana da kaya gida, rana kamar za ta gasa mutum, sai Gwaggo ta hango azurfa ta tagar wani tsohon gida, ta ja ni ciki, a zatonta kanti ne. Ko kuɗin shiga bai sa ta farga ba. Cewa ta yi, "Dubai ke nan, har kallon kaya sai ka biya."

Ita fa Gwaggo tana da wata sarƙar azurfa da kakanta ya kawo daga hajjin ƙasa, kullum tana wuyanta. Aikin Sharifai ce, in ji ta, kuma duk amaryar gidanmu da ita ake kai ta ɗaki. Ƙanwata ce a layi, bikinta ya matso.

Muna shiga ɗaki na biyu, sai ga irin sarƙar sak a cikin gilashi. Gwaggo ta ƙwanƙwasa, ta dubi dattijuwar da ke kula da wurin. "Habibti, nawa? Dozin zan ɗauka."

Matar ta yi dariya, ta ce ba na sayarwa ba ne. Ɗakin tarihin Yahudawan Yaman ne, su ne maƙeran azurfar ƙasar kafin su watse duniya.

Da na fassara, Gwaggo ta saki salati. "Ƙarya take yi!" Ta cire tata don ta ƙaryata ta. Matar ta juya bayan sarƙar, ta nuna mana hatimin maƙerin, sunansa ne da rubutun Yahudawa. Wallahi rubutun nan tun muna yara muke sumbatarsa, mun ɗauka addu'a ce! Dariya ta ƙwace mini. Gwaggo kuwa ta riƙe sarƙar da yatsu biyu kamar mushen ɓera, na ce shi ke nan, ƙanwata ta rasa.

Sai matar ta roƙi Gwaggo ta bar ta ta sake riƙewa. Ta ce mahaifinta maƙeri ne, da suka bar Yaman ko zobe ɗaya na aikinsa ba su fita da shi ba. Idonta ya ciko, ta tambaya ko amare sun taɓa sawa.

Nan bakin Gwaggo ya buɗe. Ta shiga jero mata amaren gidanmu, har da waɗanda aurensu ya mutu da dalilin mutuwarsa. Ta gama ta fizge abarta ta mayar wuya. "Khalas, ya isa haka, ba ni kayana. Babanki dai ya iya aiki."

Wai babanta, alhali ba wanda ya ce shi ya ƙera ta! Matar ba ta gyara mata ba.

A waje Gwaggo ta murɗe mini kunne. "Ki faɗa a Kano ki gani." Da sarƙar aka kai ƙanwata ɗaki, Gwaggo tana ta cewa aikin Sharifai, tana hararata.

Tun ranar na rage saurin zagin mutanen da ban sani ba. Wa ya sani ko aikin hannunsu ne rataye a wuyana?