Mahaifinta na Asibiti, Ita Tana Ɗakin Sama

Bayan rasuwar maigidana ɗakin sama na gidanmu a unguwar Fallowfield, nan ƙasar Turawa, ya zauna ba kowa, sai ɗana ya ce mu sa ɗaliba haya. Allah ya kawo mana wata 'yar China mai karatun haɗa magunguna. Yarinya ce ta kirki. Ba ta miƙo mini kofi da hannu ɗaya, ba ta kai loma baki sai na fara. Na ce wa ɗana, "Kai haihuwar nan, zo ka ga tarbiyya, ba 'hi Mum' daga bakin ƙofa ba."

Ya yi dariya. "Umma, Konfushiyanci ke nan." Ya ce koyarwar wani malaminsu ce tun kafin zuwan Annabi Isa: ɗa ya bi uba, ƙane ya bi wa, talaka ya bi sarki, na sama kuma ya riƙe na ƙasa da adalci. Ilimi kuwa sun ɗora shi a kan komai, har ta kai da jarrabawa ake samun muƙami, ɗa ɗaya ya ci, dangi duka sun ɗaga kai. Na ce ashe Bahaushe ne aka haifa a wani gari.

Ban san da sauran zance ba.

Ana gab da jarrabawarta ta ƙarshe sai ga ƙanen mahaifinta daga Birmingham. Ya daidaici tana jami'a, ɗana na yi mana tafinta. Wai mahaifinta na kwance a asibiti a can gida, likitoci sun cire rai. Dangi sun yanke kada ta ji sai ta gama rubutu, don digirin nan shi ne burin uban. Roƙonsa mu kama bakinmu. Yana faɗa yana murmushi, kamar mai saƙon ɗaurin aure.

Raina ya ɓaci. Mu ma mukan ɓoye mutuwa, amma cewa muke, "Jikin ya yi tsanani, ka taho," don mutum ya hau hanya. Su kuwa so suke ta zauna. Ina zuba mata shinkafa tana gaya mini wai wayar babanta ce ta lalace, shi ya sa ba ya kira.

Ban iya kama bakina ba. Wata safiya a kicin na haɗa ɗan guntun Turancina da hannu na gaya mata. Ta ajiye cokali.

"Na sani, Mama. 'Yar gwaggona ta faɗa mini tuni."

"To me kike yi a nan? Tashi, ɗana zai kai ki filin jirgi yanzu."

Ta girgiza kai. Ta ce manya sun yanke ba ta sani ba, saboda haka ba ta sani ba. In ta tafi ta kunyata su, ta kunyata uban. Ta rusuna mini, ta hau sama. Ina jin kujerarta ta koma gaban tebur.

Da na ba ɗana labari ya ce, "Abin haushin, Umma, malamin nan shi da kansa ya hana yin nisa da iyaye suna raye."

Na ce, "Sun tsinci naman sun bar wa yarinya ƙashin. Ina adalcin na saman?"

Uban ya cika tana da sauran takarda guda. Da ta gama, baffan ya dawo, ya zauna a falona ya sanar da ita ciwon da mutuwar a numfashi ɗaya. Ina kallo ta yi kamar yau ta fara jin ciwon, don kada ta ɓata musu shiri, sannan kukan gaske ya zo. Ko jana'iza ba ta samu ba.

Sai mutumin ya juyo gare ni, ya rusuna, ya ce wa ɗana ya miƙa godiyar dangi bisa riƙe musu sirri da na yi.

Na ce wa ɗana, "Kar ka fassara masa komai." Na ja yarinyar jikina, na bar baffan a sunkuye.