Hajo Mai Facin Jins

Duk wanda ya taɓa zama a tashar Magama, bakin iyakar Jibiya, ya san Hajo. Ko bai san sunanta ba, ya ga aikinta a gwiwar wani. Gajeriyar mace ce 'yar wani ƙauye na wajen Maraɗi, mai muryar da ba ta buƙatar lasifika. Aure ne ya kawo ta. Mijinta Ɗantala telan bakin tasha ne, ba na manyan riguna ba, na faci: wandon ɗan dako ya yage ya ɗinke, salansa ta ƙone na ɗan acaɓa ya toshe. Da ciwon ƙafa ya hana shi taka keken ɗinki, sai aka mai da aikin zuwa gida, shi yana yanka, ita tana takawa da goyo a bayanta. Haka ta koya, ba wanda ya zaunar da ita.

Wajen sayen kaya kuwa ta fi shi ido. In an fasa dilar gwanjo ranar kasuwa, samari kan yi rububin masu sheƙi, ita tana gefe tana ɓare gyaɗarta. Sai kowa ya kwashi nasa, sannan ta zura hannu can ƙasa ta zaro jins ɗin da aka raina, wanda mazauninsa ya huje ko zif ɗinsa ya mutu. Ta ɗaga shi ga rana, ta ja, ta murza. In tsohon yadi ne mai kauri, za ta saya ko da rabinsa ya tafi. Na yanzu masu miƙewa kamar roba kuwa, ko kyauta ba ta so, wai na masu zaman mota ne. Daga wanduna uku takan fitar da ɗaya, gwiwa ninki biyu, cinya da ƙarin ƙyalle inda jarka ke goga, facin duk a waje, shuɗi mai duhu kan mai haske. Telolin gari suka ce wannan ba ɗinki ba ne, taswira ce. Ta ce su kawo nasu tasha a gwada shi da buhun masara. Har 'yan makaranta daga Katsina suka fara zuwa nema, wai ya zama yayi. Takan sayar masu, amma sai ta tambaye su wane dako za su yi da shi.

Ɗantala ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata biyu, Rahma da Fiddausi. Tana fita takaba ta sa aka ɗauko keken aka mayar tsohuwar rumfarsa ta tasha, ta hau kujerarsa ta zauna. Nan fa surutu ya tashi. Ɗinki a cikin gida ba wanda ya ce uffan, amma mace ta zauna tsakiyar direbobi tana juya wandunan maza a bainar jama'a, wannan bai yi wa Maɗugu daɗi ba.

Maɗugu wan Ɗantala ne, mai sayar da hatsi a Gangara. Shi ya sayi keken ya ba ƙanensa aro tun yana saurayi, kuma kowa a dangi ya san aro ne. Ba mugu ba ne, maganar mutane ce kawai ke hana shi sukuni. Ya zo ya tsaya nesa da tulin wandunan kamar za su cije shi. Ya ce ta tattara yara su koma gidansa, ci da sha duk a wuyansa, keken ma ta tafi da shi ta riƙa ɗinka wa mata kaya. In kuwa ta nace sai tasha, to zai ɗauke abinsa.

Tsoro ya kama Hajo, ba ƙarya. Da keken nan take ciyar da yaranta, da shi take riƙe su a makarantarsu ta Jibiya. Amma ta san wanda ya koma cin hannun wani, sai abin da aka ce masa.

“Yaya, na gode da karamci,” in ji ta. “Amma wandunan ga da kake ƙyama, su sunka ciyar da ɗiyan ƙanenka tun yana kwance. Ba ni tashi nan.”

Ya ce ta je ta yi tunani. Ta ce ta gama.

Ranar kasuwa ya dawo da amalanke, yana zaton in ta ga da gaske yake za ta sauko. Ya tarar da ita a kan aiki. Wani ɗan dako mai suna Arzika na zaune gefe, ya ɗaura buhu a ƙugu, don wandonsa ɗaya tak ne a duniya, kuma shi ne a ƙarƙashin allura. Mutane suka yi cirko-cirko. Maɗugu ya kira 'yan dako su ɗora masa keke, kowa ya waiwaya wani wajen kamar an kira shi can. Sai Hajo ta tashi da kanta. Ta zare wandon, ta goge keken da gefen zanenta, ta ɗiga masa mai, ta kama ƙafa ɗaya ta ce Yaya ya kama ɗayar. Haka suka ɗora shi su biyu, shi yana zufa, ita ko gezau.

Amalanke na barin wurin, Arzika ya dubi buhun da ke ƙugunsa, ya tambaya a hankali ko yanzu yaya za a yi da shi.

Hajo ta taka zuwa rumfar masu hatsi ta aro basilla da zaren ɗinke buhu. Ta dawo ta zauna a kujerar, gabanta wayam. Sukan farko basillar ta ƙi shiga, ta danna ta da gindin almakashi. Suka na biyu ya tsaga mata yatsa. Ta tsotse jinin ta tofar.

“Zamna nan,” ta ce da shi. “Yau za ka daɗe, amma da wandonka za ka tashi.”