Kellu Mai Gaisuwar Kara

In kana sauri, kada ka yarda ka jera da Ya Kellu a hanya. Daga ƙofar gidanta a unguwar Bolewa zuwa asibitin da take aiki, tsohuwa mai dogara sanda za ta riga ta isa, ta huta, ta juyo. Ba ciwon ƙafa ne da ita ba, gaisuwa ce. Mai shayi za ta gaishe shi, mai faci za ta tambaye shi iyali, in ta biyo ta bakin kara kuwa, inda ake cinikin shanu, shanun ne kaɗai suke tsira. Mutane suna cewa tsufa ne ya zo mata da surutu. Ba tsufa ba ne.

Kellu Babarbariya ce. Ubanta Gana daga Borno ya zo Potiskum da fataucin kanwa, ya ga gari ya karɓe shi, ya zauna. Ita ce 'yarsa da ta nace wa boko har ta zama nas, ta auri Kashim direban tirela, mutumin da ya fi sanin hanyar Legas a kan hanyar ɗakin girkin gidansa. Da aka buɗe sashen masu ɗauke da cutar ƙanjamau, abokan aikinta kowa ya tuna yana da ciwon baya. Ita ta ce a ba ta. Tun daga nan gari ya san inda take aiki, ya kuma sa ido a kan wanda take yi wa murmushi.

A karar nan akwai Joda, Bafulatani mai kamun shanu. In bijimi ya ƙi hawa mota, shi ake kira. Tun yana saurayi yake kawo wa Gana ragon layya, kuma tun lokacin shi da Kellu suke wasan nan na Barebari da Fulani. Kullum ita take fara kai hari.

"Kai, bawana! Yau ma iska ba ta ɗauke ka ba? Wannan jiki kamar sandar kiwo!"

"To, uwar ɗakin ƙarya," in ji shi, "aƙalla ni ba a yi min zane a fuska don kada in ɓata ba."

'Yan kara su kwashe da dariya, kowa ya kama gabansa.

Ba asirin Joda nake tonawa ba, yau shi da bakinsa yake ba da labarin nan a gaban jama'a. Wata shekara zazzaɓi ya ƙi sakinsa, aka gwada jininsa, aka sami cutar. Kellu ce ta zaunar da shi ta gaya masa, ita ce ta ɗora shi a kan magani. Ya riƙe maganin nan kamar salla, ƙarfinsa ya dawo, bijimai suka ci gaba da shan wuya. A kara kuma ba abin da ya canza, ta zage shi, ya rama.

Su Kellu suna da ƙungiya ta likitoci da nas-nas da masu ba da magani da ke kula da masu wannan cuta, sukan haɗu a Damaturu su faɗa wa juna abin da aiki ya koya musu. A wani zama, wata nas daga wani gari ta ba da labarin yadda ta rungume wata majinyaciyarta a gidan suna, kafin mako ya zagayo matar ta rasa masu sayen abincinta. Aka tsayar da shawara cewa in ka haɗu da majinyaci a waje, kada ka fara gaishe shi, sai in shi ya fara. Aka kuma ce a yi wa kowa bayani tukuna.

Kellu ta dawo gida da labarin matar nan a ƙirjinta. Waɗanda suka zo asibiti a makon ta yi musu bayani. Joda kuwa bai daɗe da karɓar maganin watanni ba, ranar zuwansa da saura.

Ranar kasuwa ta biyo ta kara. Ga Joda cikin abokansa, ya hango ta, ya gyara tsayuwa, bakinsa har ya fara motsi da ramuwar da ya tanada. Jira yake ta fara, kamar kullum. Ita kuwa ta dubi idanun da ke kewaye da shi, ta tuna mai abincin nan, ta kau da kai ta wuce.

"A'a, Joda," in ji wani dillali, "yau Babarbariyarka ta 'yanta ka ke nan?"

Ya yi dariyar dole. Ita kuma ta isa asibiti tana jin ta yi abin kirki.

Ranar karɓar maganinsa ta zo ta wuce, babu Joda. Ta kira wayarsa, a kashe. Ta sa Kashim ya yi cigiya cikin dabara, aka ce ya koma rugar 'yan uwansa a bayan Damagum. Ta yi niyyar bin sa, sai ta tuna cewa nas ɗin sashen ƙanjamau ta sauka daga mashin a tsakiyar ruga daidai yake da shela. Ta ce bari ta ƙara jira. Damina ta sauka, aka yi girbi, tana jira.

Matarsa Raudatu ce ta kawo shi a bayan a-kori-kura, tarin tibi ya cinye shi, ba ya iya zama sai an tallafe shi. Da ya sami bakin magana, Kellu ta tsuguna a gefen gadon.

"Joda, me ya sa ka bar magani?"

"Ke kika ga jinina," ya ce. "Da kika wuce ni ran nan ba ko zagi, na ce to, ta ga mutuwata, ta kasa duban idona. Wanda zai mutu, me zai yi da ƙwaya? Gara ya mutu kusa da shanunsu."



Joda ya tashi, amma ba duka ba. Maganin farko ya daina yi masa aiki, aka canza masa wani, huhunsa kuma bai koma daidai ba. Mutumin da yake kayar da bijimi, yanzu in ya ɗaga bokitin ruwa sai ya zauna. Igiya yake sayarwa a bakin kara, yana kallon wasu suna yin aikinsa ba daidai ba.

A zaman ƙungiya na gaba Kellu ta miƙe ta faɗi abin da ya faru, ba ta rage komai ba. Aka ce mata ba laifinta ba ne, shawarar kowa ce. Ta ce shawarar kowa ce, amma wuyan da ya juya nata ne. Daga nan suka koma tambayar kowane majinyaci yadda yake so a yi da shi in an haɗu a waje. Ita kuwa ta yanke wa kanta nata hukuncin, kowa za ta gaisar, mai lafiya da marar lafiya, yadda ba wanda zai gane komai daga gaisuwarta, ba kuma wanda za ta sake wucewa.

Abu ɗaya ne ya gagare ta. In ta iso wurin Joda sai ta rage murya. "Sannu, Malam Joda. Ya ƙarfin jiki?"

Rannan, ina wurin, sai Joda ya gaji. "Malam? Ni ne Malam? Ya Kellu, tun da na tashi daga ciwon nan kike min ladabi kamar surukinki. In kin sake ganin wani abu a jinina, ki faɗa min."

"Ban ga komai ba. Jininka lafiya lau."

"To, zage ni."

Ta dube shi, wuyan nan, hannuwan nan da suka zama abin da take tsokanarsa da shi a da.

"Bawana," ta ce, "ka riƙe igiyar nan da kyau, akwai iska yau."

"Yawwa!" Joda ya buga cinya. "Uwar ɗakin ƙarya ta dawo!"

Kara ta ɗauki dariya. Kellu ba ta tsaya jin ramuwar ba. Ta ja gefen mayafinta ta goge fuska, ta matsa gaba, ta gaida mai rake.